Bangon ɗakin taron unguwarmu: wane zane ne zai nuna cewa mu ne?

Mai zane, Hausare, Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya tsaya mini a rai mako biyu ke nan. Matasan unguwarmu ta Hausare, a nan Garwa ta Kamaru, sun gama ginin ɗakin taro, sai dattawa suka ce tun da ni ne mai fenti a cikinsu, in yi wa bangon gaba zanen da duk wanda ya wuce zai san cewa Hausawa ne a wurin. Bangon siminti ne mai santsi, tsawonsa ya kai taku goma sha biyu, kuma yana kallon titi.

Da farko na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na zauna da takarda na zana dagi babba a tsakiya, kakaki biyu a gefe, da mahayi cikin lifidi a ƙasa. Da na nuna wa wani abokina Bafulatani da muka yi makaranta tare, sai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zanen ya yi kyau, amma shi Kano yake gani, bai ga Garwa ba. Ban iya ba shi amsa ba. A bakin Binuwai aka haifi kakana, a nan aka binne shi, ni kuwa ban taɓa kwana a Kano ba. Hausa nake yi a gida, Fillanci a kasuwa, Faransanci a makaranta. To, idan na cika bangon da alamomin da na gani a hotunan hawan Sallar Najeriya, mu na zana ko 'yan'uwanmu na can? Idan kuma na cire su, me zai rage da za a ce namu ne?

Tsohon malamin makaranta, Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗauki buroshi. Amma ina so ka sani cewa abokinka ya yi kuskure a abu ɗaya. Dagi ba na Kano ba ne kaɗai, kuma bai fara da siyasa ba. Gaskiya ne a zamanin Sardauna Ahmadu Bello ya zama tambarin Jihar Arewa ta Najeriya, shi ya sa mutane da yawa suke ganinsa kamar hatimin gwamnati, amma kafin nan yana jikin riguna da huluna da sirdin doki da ƙofofin zaure, kuma fatake sun kai shi duk inda suka yada zango. Rigar da mahaifina yake sawa ranar Juma'a mai aska takwas ce, da tambari a baya, kuma a nan garin aka yi mata aikin allura. Iyakar da ta raba mu da Yola ba ta kai aikin wannan rigar daɗewa ba.

Abin da nake tsoro shi ne, a garin neman abin da ya bambanta mu, mu saki abin da ya haɗa mu. Jikokina suna jin Hausa, amma da Fillanci suke amsa mini. Idan suka wuce ta gaban ɗakin taron nan, ina so su ga abin da za su sake gani idan Allah ya kai su Zariya ko Damagaram ko zangon Kumasi, su gane cewa su reshe ne na itace mai girma. Ka zana dagi, kuma ka zana shi da girma.

Jikar marini, Yawunde

Baba Malam, ina gaisuwa da fatan an wuni lafiya. Ban isa in ja da maganarka ba, sai dai ina so in ƙara wani abu da nake ganin ƙanena bai sani ba, domin ni ma sai da na zo kudu na gane girmansa.

Kakana na wajen uwa marini ne a Garwa. Ina ƙarama nakan kai masa abinci karofi, kuma har yau ina iya tuna warin baba da toka, da yadda yake zama a bakin rijiyar rini yana tsoma zane yana ɗagowa, zanen ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idona. Hannuwansa har gwiwar hannu shuni ya kama su, ko ranar Sallah ba sa komawa yadda suke. A cikin kayan da ake kawo masa akwai wasu manyan zannuwa farare da aka ɗinke su tamau da zaren tukurwa, duk sun tattare kamar tsumma. Na tambaye shi na waye, ya ce na mutanen dutse ne na kudu, su suke ɗinkewa, mu mu rina.

Bayan shekaru, da aure ya kawo ni Yawunde, wata maƙwabciyata Bamileke ta gayyace ni bikin tunawa da mahaifinta a garinsu. Sai na ga manyan gari sun ɗaura wani shuɗin zane mai fararen alamomi, an kuma kewaye wurin zaman sarki da shi. Suna kiransa ndop, kuma ba kowa ke da ikon ɗaura shi ba. Da na matsa kusa na taɓa shi, hawaye ya zubo mini, domin shi ne wancan tsumman na karofin kakana bayan an warware ɗinkin. A arewa ake saƙa farin ƙyallen da auduga, a kai shi ƙasar Bamileke, wajen Banjun, a zana alamomi a ɗinke su da tukurwa, a mayar da shi Garwa a rina, sannan a sake komawa da shi kudu a warware. Asalin irin wannan zanen kuma ana danganta shi da Wukari, ƙasar Jukun, daga can fatake suka riƙa kawo shi.

Yau ndop yana cikin abubuwan da ake nuna Kamaru da su a duniya, ana buga kwaikwayonsa a atamfa, amma da wuya ka ji an ambaci marinan Garwa. Ƙanena, kana tambayar ina Garwa take a zanenka. Ni a wurina tana cikin wannan shuɗin.

Mai zane, Hausare, Garwa

Yaya, wallahi ban taɓa jin wannan ba, alhali kuwa ina da riga mai kwaikwayon ndop da na saya ina ɗaukar ta kayan kudu zalla. Ko akwai wanda ya rage cikin tsofaffin marinan da zan iya zuwa in gaishe shi?

Alaramma, Ngaundere

Kafin a yi nisa, ɗana, ina da magana a kan mahayin da ka ce ka zana. Ɗakin taro ne na unguwar Musulmi, za a yi ɗaurin aure a cikinsa, wataƙila lokacin salla ya riski mutane a ciki. Ka san malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa ga abin da ba shi da inuwa, kuma ba na so bangon da aka yi don haɗa kai ya zama abin jayayya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, sai ya ba shi shawarar ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ka lura, bai ce masa ya bar sana'arsa ba.

Kuma kada ka ɗauka wannan ƙuntatawa ce, domin mafi kyawun zanen da muka gada a wannan hanyar ya fito. Ka taɓa zama ka kalli allon zayyana da kyau? Idan yaro zai yi sauka, mai zayyana yakan fere alƙalaminsa, ya haɗa baƙar tawada da ja da rawaya da kore, ya raba fuskar allon gida-gida, ya cika kowane gida da saƙa da dara da da'ira, ya bar fili a tsakiya inda za a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Babu ma'auni a hannunsa sai ido, amma layi ba ya karkata. Ni da kaina na yi wa almajiraina sama da shekara ashirin, kuma abin da ke damuna shi ne yanzu iyaye sun fara sayen bugaggiyar takarda suna mannawa a jikin allo. Idan ka ɗauki tsarin zayyana ka kewaye bangon da shi, ka raya abin da yake mutuwa a hannunmu.

Ɗalibi, Njamena

Gaisuwa ga iyaye. Ni Bahaushen Cadi ne, a Njamena aka haife ni, kuma ina so in kalli maganar ta wata fuska, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

A ganina tambayar da aka ba ɗan'uwana tun farko ita ce take da matsala. An ce ya zana abin da zai nuna cewa Hausawa ne a wurin, kamar za a kafa tuta a gona. Mu a nan mun san zafin wannan. An taɓa tsayar da ni a wani shingen bincike, na miƙa katin ɗan ƙasa, mutumin ya ji ina waya da Hausa, sai ya ce in faɗa masa gaskiya daga wane gari na Najeriya na zo. Na dawo gida raina a ɓace, kuma tun ranar nake tunanin cewa duk lokacin da muka nuna kanmu da alamomin can kaɗai, muna taimaka wa masu cewa mu baƙi ne.

Kusa da Njamena akwai ƙauyen Gawi na Kotoko, inda mata suke gina tukwane, suke kuma yi wa bangon gidajensu zane da launin ƙasa, an mayar da tsohuwar fadar sarkinsu gidan kayan tarihi. Kotoko suna cewa su jikokin Sawo ne, mutanen da suka zauna a bakin Shari da Logon suka bar mutum-mutumin yumɓu da manyan randunan da suke binne mamatansu a ciki. Yau duk ɗan Cadi yana jin Sawo nasa ne, har ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da sunansu ake kiranta. Haka zane-zanen duwatsun Ennedi na arewacin Cadi, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, babu wanda yake tambayar ƙabilar wanda ya yi su kafin ya yi alfahari da su. Me zai hana Bahaushen Garwa ya ji haka game da zanen da aka sassaƙa a duwatsun Bidzar, a kan hanyar Marwa, ko ɗakunan Musgum na Pus?

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Tun shekarun 1930 masu bincike na Faransa, irin su Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf, suka yi ta haƙa a tuddan Sawo, kuma kaya masu yawa suka tafi Paris. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya nuna cewa a gidan tarihi na Quai Branly kayan Cadi sun haura 9,000, sun fi na kowace ƙasa ta Afirka kudu da Sahara yawa. Wani binciken da aka fitar a 2023 ya ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus. Yaron da bai taɓa ganin aikin kakanninsa da idonsa ba, dole ya je intanet ya kwafo na wani.

Tsohon malamin makaranta, Garwa

Ɗana na Njamena, abin da aka yi maka a shingen nan an yi mini irinsa da furfurata, don haka na san ba da wasa kake magana ba. Amma ka yi hattara da maganin da ka kawo. Na je Pus, na shiga ɗakin Musgum, na ga yadda aka tayar da shi da laka zalla babu itace ko ɗaya, mai tsini kamar ƙwai, da tudun-tudun a jikinsa waɗanda magini yake takawa ya hau, ruwan sama kuma ya bi ta tsakaninsu ya sauka. Na yi mamakin hikimar, na kuma yi alfahari da ita a matsayina na ɗan Kamaru. Sai dai ɗakin yana da masu shi, suna raye, suna da bakin magana. Idan muka zana shi a bangon Hausare muka ce namu ne, mun yi musu abin da muke kukan ana yi wa marinanmu. Zama lafiya da maƙwabci ba ya nufin ka sa rigarsa ranar bikinka.

Kuma ban yarda cewa nuna kai kafa tuta ba ne. Bafulatani yana da fadar lamiɗo, Kotoko suna da Gawi, Bamun suna da Fumban. Don me namu ne kawai zai zama abin tuhuma?

Ɗalibi, Njamena

Baba, na karɓi gyara a kan ɗakin Musgum, bai dace a ɗauka ba tare da masu shi ba. Amma ina nan a kan cewa bangon ya kamata ya nuna inda ƙafarmu take, ba inda aka ce kakanninmu suka fito kaɗai ba.

Baduku, Marwa

Ni ba mai dogon karatu ba ne, ɗana ne yake rubuta mini, amma shekarata arba'in ina dukanci, kuma ina ganin kuna ta maganar alama kun manta da kayan aiki. Jan da kuke gani a jikin tsohuwar jakar fata daga karan dafi yake, baƙin kuma kuloko ne, fatar kuwa da bagaruwa aka jeme ta. Wanda ya saba da su, daga nesa yake gane su, domin jan karan dafi yana da nauyi, ba ya ƙyalli kamar na kanti. Haka ginin da. Magina suna shafe bango da makuba daga ɓawon ɗorawa, suna kuma haɗa laso, wato shafen da ke kare bango daga ruwa, da katsin da aka kwaso daga rijiyar rini, da gashin jima daga majema, da dafara. Kun ga ke nan marini da majemi da magini a bango ɗaya suke haɗuwa, abin da wannan ya zubar shi ne kayan aikin wancan. Shi ya sa idan karofi ya mutu, ba rini kaɗai ya mutu ba.

Mu a Marwa muna aiki kafaɗa da kafaɗa da Barebari da Fulani, kuma ba zan iya rantsuwa in ce wannan zanen na Bahaushe ne zalla, wancan na Babarbare ba. Tun da tsaro ya lalace a 2013 masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, yaranmu suka koma yin abin da 'yan kasuwar Duwala suka aiko da hotonsa a waya. Ba na zarginsu, ciki ba ya jira. Amma yaron da yake zaune kusa da ni yanzu bai taɓa yanka fata ya yi mata cin wuya irin na ubangidana ba, domin babu mai saye.

Shawarata ga mai zane ita ce, ko da fentin kanti zai yi aiki, ya haɗa launinsa ya kusanci shuni da karan dafi da farar ƙasa. Kuma kada ya bar bangon a shafe, ya nemi magini su tayar da zanen ya fito daga jikin bango, yadda rana za ta ba shi inuwa da safe da yamma.

Hajiya, Kusiri

Tun jiya nake karantawa ina jira in ga ko wani zai tuna da mu. An ambaci riga da sirdi da allo da jakar fata, duk aikin maza. Alhali kuwa zanen farko da kowannenku ya buɗe ido ya gani a ɗakin uwarsa yake. Wa ya saƙa faifan da aka rufe furarku da shi, ja da baƙi da ruwan kaba? Wa ya yi jeren ƙore da kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne a muhallinsa? Wa yake zana lalle a hannun amarya da dare, da fitila, ba tare da ya duba takarda ba? Ƙwaryar da mahaifiyata ta bar mini Bafulatana ce ta zana ta da wuƙa mai zafi, a kasuwar Pitowa aka saye ta, amma a ɗakin Bahaushiya ta tsufa, kuma da ta tsage gyartai ya ɗinke ta sau biyu. Ku gaya mini ta wace ƙabila ce.

Ɗana mai zane, matan unguwarku ma sun ba da kuɗin ginin nan, na tabbata. Kafin ka yanke shawara, ka shiga gidaje ka gaishe da tsofaffi, ka roƙe su su buɗe maka adaka su nuna maka abin da suka ajiye.

Jikar marini, Yawunde

Hajiya ta faɗi abin da ya kamata in fara faɗa, Allah ya saka da alheri. Ƙanena, game da tambayarka, akwai wani ƙanen kakana da yake raye, ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa garau, zan haɗa ka da iyalinsa ta saƙon sirri. Ka tafi masa da goro, kuma kada ka yi gaggawa, sai ya gama gaisuwa yake fara labari.

Baba Malam ya ambaci Fumban, ina so in ce wani abu a kai. Sarki Njoya na Bamun ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu, ya ga babbar riga da aikin allura a jikin Hausawa da Fulani ya karɓa, ya ga ginin Jamusawa ya gina fadarsa da bene, ya kuma sa aka riƙa yin rini a fadarsa. Babu wanda yake zuwa Fumban yau ya ce abin da ya gani ba na Bamun ba ne. Abin da ya karɓa ya bi ta hannun mutanensa, shi ya sa ya zama nasu.

Mai zane, Hausare, Garwa

Iyayena, na gode, Allah ya bar zumunci. Na yaga takardar farko. Abin da nake tunani yanzu shi ne in shafe bangon da shuɗi mai duhu irin na karofi, in kewaye shi da tsarin zayyana idan Alaramma zai aiko mini da hoton allunan da ya yi, sannan a tsakiya in jera da'irori irin na faifai da ƙwarya waɗanda zan kwafo daga gidajen unguwarmu da izinin masu su. Mahayin na cire shi. Alamomin ndop ba zan zana su ba, tun da suna da masu su da ƙa'idarsu, launin kawai zan ɗauka, domin shi ne rabon kakanninmu a cikin aikin. Na yi magana da wani magini a kan tayar da zanen, ya ce zai yiwu amma kuɗin zai ƙaru, don haka sai na koma wurin dattawa.

Abin da ban warware ba shi ne dagi. Idan na sa shi a tsakiya zai danne komai, idan na cire shi kuma na san zan ɓata wa Baba Malam da tsararrakinsa rai, su ne kuwa suka ba ni aikin.

Tsohon malamin makaranta, Garwa

Ba sai a tsakiya ba, ɗana. A gidajen da, bisa ƙofar zaure ake sa shi, inda mai shiga zai ɗaga kai ya gani. Ka bar masa wannan wurin, sauran bangon ka yi yadda ka faɗa. Ranar da za ka je wurin tsohon marinin nan ka biyo ta gidana mu tafi tare, ina jin na san shi tun muna samari, kuma zan fito maka da rigar mahaifina ka ga yadda aka ɗinka dagin da ke jikinta.